Yaɓen da Na Yi wa Gidan Baba Idrisu

Ni Tanimu, magini ne, ɗan magini, jikan magini. A gidanmu a Zariya yaro yana koyon taka ƙasa tun kafin ya iya wanke ƙafarsa. Na fara da wannan ne saboda abin da na jawo wa wani tsoho a Madina, mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, daga hannun nan nawa ya fito, hannun da ba ya iya ganin bango ya tsage ya wuce shi. Gidan ubansa ne ya shiga tsaka mai wuya a sanadina. Amma kafin in kai ga gidan, bari in bi ta hanyar da na biyo.

A ƙarshen shekarun 1990 na sauka Jidda. Wanda ya yi mini hanya wani dillali ne, ɗan ƙasarmu, mai baki kamar zuma. Ya ce kamfanin gini ne yake neman irina, wai da sun ji an ce maginin Zariya har rigima za su yi a kaina. Tun a filin jirgi ya karɓe fasfo ɗinmu, ni da sauran waɗanda ya kawo, wai don kada ya ɓace. Ya zuba mu a wani ɗaki mai zafi kamar tanderu, muka yi kwanaki muna cin burodi da shayi muna jiran kamfani. Da ya dawo, ya miƙa wa kowa iƙamarsa, ɗan ƙaramin littafin da ke nuna kana da izinin zama da irin aikin da aka kawo ka yi. Wani Basudane da ke ɗakin ya duba tawa, ya dube ni, ya yi dariyar tausayi.

"Ɗan'uwa, kai ma'aikacin gona ne."

Na ce, "A'a, ni magini ne."

Ya ce, "To ai sai ka gaya wa littafin."

Washegari aka loda ni a bayan akori-kura zuwa Khaibar. Ban ƙara sa dillalin a ido ba, kuma in da rai yana nan, ina fata ya san ban manta ba, na dai yafe.

Khaibar gari ne na baƙin dutse da dabino. Ni da ban taɓa hawa abin da ya fi katanga tsawo ba, aka ba ni igiya da lauje aka nuna mini sama. Ƙayar dabino ba irin ƙayar da muka sani ba ce, in ta soke ka sai wurin ya kumbura ya yi kwanaki yana zogi. Wani ɗan Bangaladesh mai suna Nurul ne yake cire mini ita da allura. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, Larabcinmu duka na "kawo" da "ajiye" ne, amma kullum sai ya tura mini rabin shinkafarsa mai barkonon tsiya, ya tsaya a kaina sai na cinye. Lokacin da kaset ɗin matata Binta ya iso ta hannun wani alhaji, rikodar Nurul na ara. Ya zauna ya saurara tare da ni daga farko har ƙarshe. Da muryar 'yata ta fito tana cewa in sayo mata takalmi mai wuta, ni ban yi kuka ba, shi ne ya yi.

Mai gonar, wato kafil ɗina, wanda izinin zamana yake ƙarƙashin sunansa, ba mugu ba ne. Shi ma cutarsa aka yi, don dillalin ya ce masa gwanin hawa dabino ya kawo masa. Da zazzaɓi ya kayar da ni na rame kamar kara, ya dube ni ya ce tun da sama ta ƙi ni, bari a gwada ƙasa. Yana da rumfa a kasuwar dabino ta Madina, yana son mai ɗaukar kaya.

A kan kwalayen dabino na shiga Madina. Da na hango hasumiyoyin Masallacin Annabi daga nesa, duk wahalar Khaibar ta sauka daga kaina, na ce ko yau aka mai da ni gida na ci riba. Aikin dai dako ne, daga mota zuwa rumfa, daga rumfa zuwa motar alhazai. A sito nake kwana, a kan kwalayen da na shimfiɗa, har warin dabino ya shiga tufafina da mafarkina. Har yau in aka miƙo mini dabinon ajwa lokacin buɗa-baki, don sunna kawai nake ci.

Wata rana kwali ya kufce mini ya faɗo a kan babban yatsa, na kurma "Wayyo Allah na!" Sai na ji an ce daga bayana, "Wane ne mai wayyo a nan?"

Wani dogon tsoho ne, baƙi siriri, cikin farar riga irin tasu, da sanda a hannu. Yanzun nan na ji shi yana ciniki da Larabci kamar ruwa.

"Ni ne, Baba."

"Ɗan wane gari?"

"Zariya."

"Zazzau ke nan. Ina kake kwana, Bazazzagi?"

Na nuna masa sito. Ya leƙa, ya ja tsaki, ya ce, "Haram. Ko jaki ba a ɗaure shi nan. In an tashi kasuwa ka jira ni."

Haka na san Baba Idrisu. A Madina aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa ta kakanni ce, irin wadda rabona da ji tun kakata tana da rai. Mahaifinsa, Malam Garba, daga ƙasar Katagum ya taso da ƙafa, ya yi shekaru a hanya ta Sudan, ya zo ya yi aikin lambu har masu lambun suka sayar masa da tsohon gidan da ke gefensa. Shi Baba motar alhazai ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajen mazajensu, ɗansa namiji guda, Faisal, yana aiki a matatar mai a Yanbu. Idonsa ya fara rauni, amma bakinsa garau yake.

Ya ba ni ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga. Da na yi maganar haya, sai da ya kusa ɗaga mini sanda. "A gidan Malam Garba? Ka ƙara faɗa, yalla, ka koma wurin kwalayenka." 'Yarsa da ke kusa tana aiko da abinci, ran Juma'a har da miyar kuka, kwano ɗaya muke sa hannu. Da yamma ya sa in ba shi labarin Zariya, ƙofa-ƙofa, unguwa-unguwa, in na tsallake wani abu ya ce, "Jiya ba haka ka ce ba." Tun da na bar gida, a nan na fara yin barci irin na mutum.

Gidan kuwa, tun ranar farko ya tsaya mini a rai. Daga ƙasa zuwa ƙirji baƙin dutse ne, daga nan zuwa sama tubalin ƙasa, rufin kuma itacen dabino aka jera kamar yadda muke jera azara. Duk wanda ya gina shi ya san aikinsa. Amma yaɓen ya zube, ga wata tsaga ta taso daga bakin rufi ta gangaro har kan taga, hannuna yana shiga ciki. A ɗakin Baba na sama bokitai ne a jere suna jiran ruwa. A jikin ƙofa kuma akwai wani shuɗin ƙarfe da aka manna da rubutu da lamba, na ɗauka lambar gida ce irin ta kowa.

Na yi masa maganar tsagar sau ɗaya. Ya kaɗa hannu ya ce, "Allah zai kawo lokacinta." Ni kuma na yanke hukuncina a zuci: tsohon ba shi da hali, kunya ta hana shi faɗa, ɗansa kuma yana can Yanbu yana cin albashi ya bar uba a cikin yoyo. Faisal yakan zo wasu ranakun, ya sumbaci kan ubansa, su baje takardu suna magana da Larabci mai sauri. In na gaishe shi da Hausa yana ji sarai, amma da Larabci yake amsawa. Na sa shi a layin 'yan gayun da ba su san darajar iyaye ba.

A wurinmu, magini ba ya godiya da baki. In ka ci abincin mutum ka kwana a inuwarsa, kafin damina ta faɗi sai ya wayi gari ya ga an yaɓe masa bango. Kuma ba a tambaya. In ka tambaya ka sa shi a kunya ke nan, ko ya ce a'a don kara, ko ya shiga neman abin da zai biya ka. Haka na ga ubana yana yi wa limamin unguwarmu, haka kakana ya yi. Da sanyi ya shigo na ga hadari ya fara taruwa ta wajen Uhudu, kuma Faisal ya zo ya ɗauki Baba zuwa Yanbu don a duba masa ido, na ce to, ga ranata ta zo.

Na haƙo ƙasa daga ragowar lambun bayan gida. Na samo ƙaiƙayi da kashin dabbobi a wurin wani mai awaki, na kwaɓa, na rufe ta kwana ta ruɓa yadda ya kamata. Wani abokina ɗan Maraɗi, Lawali, ya zo ran Juma'a ya taya ni takawa da miƙo curi. Rabona da jin ƙasa a tsakanin yatsun ƙafa tun Zariya, har waƙar aiki na kama yi. Na cike tsagar, na yaɓe fuskar gidan duka, na gyara bakin rufi, na buɗe indararo. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Amma ƙarambani ya ja ni. Na ga gidan Bahaushe ne, me zai hana ya yi kama da na Bahaushe? Na tayar masa da zanko a kowace kusurwa, na zana dagi a saman ƙofa. Shuɗin ƙarfen nan ma na goge shi tas, na yi masa da'ira don ya fito da kyau.

Da motar su Baba ta tsaya, ina bakin ƙofa na yi wanka na sa rigar Juma'a, ina jiran a sa mini albarka.

Faisal ne ya fara fitowa. Ya tsaya da makulli a hannu, bakinsa a buɗe. Sai ya ɗora hannu biyu a ka.

"Esh hada? Min sawwa hada?" Wato mene ne wannan, wa ya yi wannan.

Na ce, "Ni ne, Malam Faisal. Ɗan abin da ya samu ne."

"Inta majnun? Ka haukace? Wa ya ce maka? Wa ya ce!"

Baba ya fito a hankali, ido ɗaya a rufe da auduga. Ya tako har jikin bangon, ya ɗora tafin hannunsa, ya shafa, ya kai hancinsa ya shinshina. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon zankon. Sannan ya ce, "Faisal, halas. A shiga ciki. Ba a yi wa baƙo ihu a titi."

A cikin gida na ji abin da ban sani ba, rabi daga bakin Faisal, rabi Baba yana fassara mini. Shuɗin ƙarfen nan ba lambar gida ba ce. Alama ce cewa hukuma ta sa gidan a cikin tsofaffin gine-ginen da take karewa. Mai gida yana nan a matsayin mai gida, zai zauna a ciki, amma ba zai rushe ba, ba zai ƙara ba, ba zai sauya masa fuska ba sai da rubutaccen izini. Sun nemi izinin gyara, aka hana su saboda tsarin da suka kai na siminti da rodi ne. Doka ta ba su damar ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, abin da suke kira i'itiradi, Faisal ya shigar, da sabon tsari na ƙasa da itacen dabino. Takardun da nake gani ke nan. Duk zuwan da yake yi daga Yanbu, daga ofis zuwa ofis yake yi. In kwamiti ya amince, za a ba su izini, hukuma ta taimaka da gyaran, Baba ya ci gaba da zama. In bai amince ba, za a ce gidan bai dace da zama ba, hukuma ta karɓe shi ta biya diyya gwargwadon ƙimar da aka yi masa. Sharaɗi ɗaya ne a tsakani: kafin a yanke hukunci, ko ƙusa kada a buga.

"Saura kaɗan," Faisal ya ce, wannan karon da Hausa mai nauyi. "Saura kaɗan, ya Tanimu. Ni ba fulus nake so ba, ba kuɗi ba. Abuya, babana, yana so ya mutu a ɗakin da aka haife shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mutumin da na raina a zuciyata, ashe shi ne yake ɗawainiyar gidan a inda ya kamata, ni kuma garin neman gira na tsone ido.

Injiniyan hukuma ya zo bayan 'yan kwanaki, saurayi mai ladabi, da hotunan gidan na da a hannunsa. Ya duba hoto, ya duba bango. Ya shafa dagin ya ce, "Masha Allah." Sannan ya ce wa Baba ya yi haƙuri, kyau daban, doka daban, fuskar da aka kare ba ita ce wannan ba, dole ya rubuta abin da ya gani.

Faisal ya je wurin lauya ya dawo da magana ɗaya. In aka nuna wa kwamiti cewa wani ma'aikaci ne ya yi aikin ba da sanin mai gida ba, mai gida ba ya gari ma, to laifin ya bar kan Baba, ƙarar tana nan da ranta. Kuma gaskiyar ke nan, babu ƙarya a ciki. Sai dai ma'aikacin za a nema. Ya taɓa ginin da aka kare, ya kuma yi aikin da ba shi ne a iƙamarsa ba, a gidan da ba na kafil ɗinsa ba. Ƙarshenta tsarewa ce, sannan jirgi.

Na ce na yarda. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da baki kawai na faɗa. Filin gadona na jinginar na zo ƙasar nan, ban tura wa Binta abin kirki ba tukuna, ga shi zan koma da rigar jikina. Na ɗaure 'yan kayana na tura ƙarƙashin gado. Baba yana jin duk abin da ake shiryawa.

Ana cikin jiran ranar zama aka yi ruwa, bayan la'asar, irin ruwan Madina mai zuwa da fushi ya cika kwari. Baba ya ƙwala mini kira daga sama. Na hau da gudu na ɗauka wani abu ya faɗi. Na same shi zaune a tsakiyar ɗaki, bokitai kewaye da shi, babu ɗigo ko ɗaya a cikinsu.

Ya ce, "Bazazzagi, ji." Muka kasa kunne muna jin indararo yana zuba a waje. Can ya ce, "Ɗora mana shayi. Ka sa na'ana'a da yawa."

Ranar zama ni na riƙe hannunsa, don idon bai gama warkewa ba. Ɗaki ne mai dogon tebur, mutanen kwamiti a gefe ɗaya, shugabansu dattijo mai furfura a gemu. Aka zaunar da Baba, Faisal a damansa, ni a bayansa kaɗan. Lokacin Larabcina ya ɗan yi ƙwari, abin da ya wuce ni daga baya aka cike mini. Faisal ya fara bayani, ya ce ranar da aka yi aikin mahaifinsa yana asibiti a Yanbu, ga shaida. Shugaban ya gyaɗa kai ya ce, to wa ya yi?

Na yunƙura zan tashi. Sai na ji ƙasan sanda a kan ƙafata, an danna da ƙarfin da ban san tsohon yana da shi ba. Bai waiwayo ba. Da Hausa ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ka motsa, ban yafe ba."

Sannan ya juya ga kwamiti da Larabci.

"Ɗana ya faɗi gaskiya, ba na nan aka yi. Amma ba zan ba ku sunan kowa ba. Wanda ya yi aikin nan a gidana yake kwana, kwano ɗaya muke ci. A wurinmu, hannun da ke shiga kwanonka hannunka ne. Da ina gida, ni zan riƙe masa tsani. Ku rubuta Idrisu ɗan Garba."

"Abuya!" in ji Faisal.

"Uskut. Yi shiru."

Shugaban ya ajiye alƙalami. Ya yi masa bayani a hankali, kamar mai magana da mahaifinsa. Ya ce in mai gida ya ɗauki alhakin, hannunsu a ɗaure yake. An karya sharaɗi, ƙarar ta faɗi, za a bi ɗaya hanyar, hukuma ta karɓi gidan. Kuɗin kankare yaɓen da tarar kuma daga diyyar za a cire. Yana da damar zuwa kotun koke in bai gamsu ba, amma kada ya sa rai da yawa.

"Ka fahimta, ya ammi?" in ji shugaban, wato baffana.

"Na fahimta."

"Ba ka son ka je gida ka yi tunani?"

"Na yi tunanin tun a gida."

Dattijon ya ɗago ido ya dube ni. Ya dubi hannuwana da na ɗora a gwiwa, duk sun faffashe da kaushin ƙasa. Na tabbata ya gane, yaro ma zai gane. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mai da idonsa kan takarda ya ɗauki alƙalaminsa. Bai tambayi sunana ba. Ban san sunansa ba shi ma, amma yana cikin addu'ata.

Muka shiga mota muka kama hanya, har muka kusa gida. Faisal ya tsaya a gefen titi, ya doki sitiyari da hannu biyu, ya kifa kai a kai yana kuka kamar yaro. Baba ya ɗora masa hannu a wuya ya bar shi ya gama. Faisal ya kai maganar kotun koke duk da haka, aka yi watanni ana kai da komo. Kotu ba ta mai da gidan ba. Ta dai soke tarar, ta kuma bar Baba ya yi azumin shekarar a ɗakinsa. Duk tsawon lokacin Faisal bai ce mini ko sannu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai da aka yi ƙaramar salla ya miƙo mini hannu, ni na kasa kallon idonsa.

Ranar da muke ɗaure kaya na kasa daurewa. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, don me? Ni baƙo ne, da an mai da ni gida da ba mutuwa zan yi ba. Gidan ubanka fa."

Yana naɗe wata tsohuwar darduma, bai daina ba. Ya ce, "Tun ranar da suka manna ƙarfen nan, kowa ya zo hoto yake ɗauka. Su auna, su rubuta, su ce athar ne, kayan tarihi. Ba su yi laifi ba, aikinsu ne. Amma ni ina ciki ana yi mini yoyo a ka. Kai kaɗai ka dube shi ka ga gida ne da mutum a ciki." Ya ɗaure dardumar. "Sannan in na miƙa ka na zauna, da wane ido zan kalli ƙofar da Malam Garba bai taɓa rufe wa baƙo ba? Tashi ka ɗauki akwatin can, ka cika surutu."

Da diyyar Faisal ya sama masa gida a unguwar Aƙiƙ, a bene hawa na uku, da tayil da na'urar sanyaya ɗaki da taga mai gilashi da ba ta buɗuwa sosai. Ni na koma haya da su Lawali, na ci gaba da dakona. Na yi shekaru a Madina bayan haka. Binta ta samu rufin kwano, yara suka yi makaranta, na fanshi filina, ni da ita muka sauke farali. Duk lomar da iyalina suka ci a shekarun nan, na san daga inda aka yanko ta.

Juma'ar farko bayan ƙaurar na je gaishe shi. Ƙofa a buɗe take. Na same shi tsaye shi kaɗai a falo, babu sanda, yana bin bangon siminti da tafin hannu, a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ji motsina bai juyo ba.

"Bazazzagi ne?"

"Ni ne, Baba."

"Na duba maka shi duka. Babu tsaga ko ɗaya." Ya bubbuga bangon da yatsa. "Wannan kam ka bar mini shi, don Allah. Ba ni da wani."

Ya yi dariya, na taya shi. Sannan na ce masa na manta wani abu a ƙasa. Na sauka hawa ɗaya, na zauna a kan matakala, na toshe bakina da hula don kada ya ji.